Masu ceton karnuka za su zo duba mana gida ranar Asabar, wa ya taɓa bin wannan hanya?

Baban Sadik

Assalamu alaikum jama'a. Na san wasu da ganin taken nan za su ce zaman Turai ya juya wa Baban Sadik kai. A daure a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Shekarata goma sha ɗaya a Ingila, muna zaune a wani ƙaramin gari kusa da Leicester, aikina tuƙin bas. Babban ɗana Sadik shekararsa goma sha biyu, yana da lalurar galahanga, wadda Turawa ke ce wa autism. Yaro ne da za ka wuni da shi bai ce maka kalma goma ba. A makarantarsu akwai wata mata da ke zuwa da kare duk ranar Laraba, yara su zauna su yi wa karen karatu. Rannan malamarsa ta nuna mana hoton bidiyo: ga Sadik zaune a ƙasa, hannunsa a wuyan kare, yana karanta shafi guda cur da babbar murya. Uwarsa fita ta yi daga ofis ɗin tana share hawaye. Tun daga ranar maganar kare ba ta bar gidanmu ba.

Ni kare ba baƙona ba ne. Kakana mafarauci ne a wani ƙauye yamma da Funtuwa, karnukansa biyu na tashi na gani, Duna da Ƙyale-su. Sai dai a zaure suke kwana, ƙanzo da ƙashi suke ci, kuma ban taɓa ganin ɗayansu ya tsallaka tsakar gida ba. Haka na san kare.

Saye ba na so, don kuɗin ɗan kwikwiyo a nan ya fi albashina na sati biyu, ga 'yan damfara a intanet. Sai wani abokin aikina Bature ya nuna mini wata ƙaramar ƙungiya ta masu aikin sa-kai. Ba irin 'yan sa-kanmu na gida masu gora da adda ba, waɗannan tsofaffin mata ne da 'yan fansho. Ba su da ofis, ba su da keji, kowane kare yana gidan wani ne a riƙo har a samo masa gida. Na cike fom ɗinsu, shafi shida. Wallahi ko lokacin da na je neman auren Maman Sadik ba a yi mini tambayoyi haka ba. Awa nawa gida ke zama ba kowa? Katangar filin baya ƙafa nawa ce? Gidan haya ne ko naka? In ka tafi Najeriya hutu wa zai riƙe shi? In kun rabu da matarka wa zai ɗauka? Wannan ta ƙarshe sai da na ajiye biro na yi dariya.

Bayan kwana tara wata mata ta kira ni da daddare, ta ce yanzu ta taso daga aiki. Mun yi kusan awa ɗaya. Komai na tafiya daidai har ta zo kan tambayar inda karen zai kwana. Na rubuta cewa zan gyara masa ɗakin katako da ke filin baya. Ta ce su ba sa ba da kare ya zauna a waje, ko kaɗan. Na yi shiru, ita ma ta yi shiru. Daga baya ta ce bari dai a zo a ga gidan.

To ga inda nake. Maman Sadik ta ce kare ba zai taka falon da muke sallah ba, ni ma ra'ayina ke nan. Shin in faɗa musu gaskiya ranar Asabar, ko in ce to kawai, in ya zo hannuna in yi yadda na ga dama? Me suke dubawa in sun zo? Sannan sun ce zan ba da fam 350, suna kiransa gudummawa. Kare da aka tsinta a titi kuma har da kuɗi haka? Wanda ya taɓa yi ya taimaka.

Maman Biyu

Ƙanina, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara wa Sadik lafiya. Ni 'yar Wusasa ce, ina aikin jinya a Manchester, kuma shekara huɗu ke nan da na karɓi karyata daga irin waɗannan ƙungiyoyi. Yanzu ma har ni ake aikawa duba gidaje in ina hutu, don haka na zauna a kujerun biyu.

Abu na farko, kada ka yi musu ƙarya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Takardar da za ka sa wa hannu tana ɗauke da sharuɗɗa, kuma yawanci akwai cewa in ka saɓa suna iya karɓe karen, in kuma ka gaji da shi ba ka da ikon sayarwa ko kyautarwa, su za ka mayar wa. Ka yi tunanin Sadik ya shaƙu da dabba wata uku, sannan a zo a tafi da ita don maƙwabci ya ji kukanta a ɗakin katako cikin sanyin Janairu. Wannan ya fi a hana ku tun farko ciwo.

Kuma hana kwanan waje ba tsabar iyayi ba ne. Yawancin karnukan nan a cikin ɗaki suka saba, wasu kuma ba su da gashin da zai tare musu sanyin ƙasar nan. Amma ka sani, cikin gida ba yana nufin kan gadonka ba. Gidaje da yawa da na duba, na Turawa ma, kare ba ya hawa sama, ba ya shiga falo. Ana sa 'yar ƙofar ƙarfe irin wadda ake tare yara masu rarrafe, kare ya tsaya a kicin da ɗakin wanki. Abin da mai duba gida ke so ta ji shi ne wurin akwai ɗumi, kuma karen zai riƙa ganin mutane, ba a rufe shi shi kaɗai kamar buhun masara ba. Ka faɗa mata dalilinku na addini kai tsaye. Ba kai ne Musulmi na farko da suka gani ba.

In ta zo ba ruwanta da ƙurar kan talabijin ɗinka. Filin baya za ta nufa. Za ta duba tsayin katanga, da yawa suna neman ƙafa biyar zuwa shida, ta duba ƙarƙashin ƙyaure ko akwai ramin da kare zai kutsa, ta duba ko akwai gubar ɓera a ajiye. Za ta so ganin kowa da ke kwana a gidan, don sun sha ganin miji na so mata ba ta so. In haya kake, ka tanadi takardar amincewar mai gida.

Batun kuɗi, fam 350 ba tsada. Ka je ka tambayi likitan dabbobi nawa ake dandaƙe kare ko cire wa karya mahaifa, ka haɗa da alluran rigakafi, da maganin tsutsa da na ƙuma, da 'yar na'urar nan kamar ƙwayar shinkafa da ake sawa a ƙarƙashin fatar wuya, za ka ga su ne da asara. Ita na'urar dole ce a dokar ƙasar nan tun Afrilun 2016, rashinta na iya jawo tarar fam 500, kuma ka tabbata an mayar da bayanan cikinta zuwa sunanka da adireshinka. Bayan ita kuma akwai dokar 1992 da ta ce in kare zai fita waje sai da abin wuya mai ɗauke da sunan mai shi da adireshi. Kuɗin da ya kamata ya tsorata ka na gaba ne: abinci, inshora kowane wata, da ranar da zai haɗiye abin da bai kamata ba a ce sai an yi masa aiki.

Amma kai ma ka bincike su kamar yadda suke bincikenka. Lokacin da na karɓi tawa, a Ingila kowa na iya buɗe shafi a Facebook ya kira kansa mai ceton dabbobi ba tare da lasisi ba, Scotland ce ta fara tilasta lasisi a 2021. Manya irin RSPCA da Dogs Trust da Battersea an san su tun ƙarni na 19, ƙananan ne sai ka duba. Ka nemi lambar rajistarsu ka duba a shafin Charity Commission, hukumar da ke yi wa ƙungiyoyin agaji rajista. Ka tambaye su daga ina karen ya fito. In ɗan ƙasa ne da ma'aikatan ƙaramar hukuma suka tsinta, doka ta ce a riƙe shi kwana bakwai ko mai shi zai zo, bayan nan ne ake miƙa wa ƙungiyoyi. In daga waje aka kawo shi, nan ne sai ka buɗe ido.

Tawa daga Romaniya ta zo. Can tun 2013 doka ta ba da damar kashe karen titi in ya yi ranakun aiki 14 a tsare ba wanda ya nema, shi ya sa masu tausayi a nan ke ta kwaso su. Hoto kawai na gani na ce ina so, wautar da ba zan sake ba. Ƙarfe biyun dare wata mota ta tsaya a ƙofar gidana bayan tafiyar kwanaki, direba ya miƙo mini karya tana rawar jiki tana warin fitsari, ya ba ni fasfo ɗinta ya wuce. Kwana goma sha ɗaya ta yi a bayan injin wanki. Ba ta taɓa ganin matakala ba, ƙarar tukunyar shayi ta lantarki ma firgita ta take. A sati na uku ta zame daga abin wuyanta a bakin titi, muka kwana muna nemanta da tocila, ni da tagwayena da wasu mata biyu 'yan ƙungiyar da suka tuƙo mota daga wani gari. Su suka koya mini sa igiya biyu, ɗaya a wuya ɗaya a ɗamarar ƙirji. Sai da ta yi kusan wata huɗu kafin ta zo da kanta ta ɗora kai a ƙafata. Yanzu ba na iya misalta gidan ba ita, amma da yaro irin Sadik ban ba ka shawarar wannan hanya ba. Ka nemi wanda ya zauna a gidan riƙo a nan, mai riƙon ta san halinsa. In kuma na waje ne, ka ce a nuna maka sakamakon gwajin jini na cutar burusela, don tana iya kama mutum.

Ɗan Kantin Kwari

Ikon Allah. Mu nan muna lissafin kwanon shinkafa, ku can ana yi muku intabiyu a kan kare. Baban Sadik, fam 350 in ka canza ka turo, zan sa a kamo maka karnuka cikin Kurna har da na gyara. Wasa nake, Allah ya ba yaro lafiya. Amma Hajiya ta sani kuwa?

Baban Sadik

Hajiya ba ta sani ba, kuma in ta ji daga Kwari na san bakin wanda zan kama. Yaya Maman Biyu, na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na auna katangar yau da safe, ƙafa huɗu da rabi ce ta ɓangaren maƙwabcina.

Almajirin Zinder

Wa alaikumus salam. Malam Baban Sadik, ni ba mufti ba ne, ɗan abin da muka karanta a zaure zan faɗa, sauran ka kai wa malamin da ya san halin da kake ciki.

Mutanenmu suna haɗa mas'aloli biyu su mayar ɗaya. Ta farko najasa, ta biyu ajiye kare a gida. A mazhabar Imam Malik, wadda a kanta muka tashi, duk mai rai tsarkakakke ne, har kare, da yawunsa da guminsa. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki, malamanmu sun ce bauta ce kawai aka umarce mu da ita, ba don ƙazanta ba. Hujjarsu har da aya ta 4 a Suratul Ma'ida, wadda ta halatta cin abin da dabbar farauta da aka koyar ta kamo, alhali da baki take kamowa. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun tafi a kan najasa ne, Hanafiyya kuma suka ce yawun ne najasa. Na faɗi wannan don a Leicester yawancin masallatai na 'yan'uwanmu 'yan asalin Indiya ne Hanafawa, ga Somaliyawa Shafi'awa, za ka ji maganganu daban da abin da ka sani. Kada ka yi gardama da kowa. Fitsari da kashin kare kam najasa ne a wurin kowa.

Mas'ala ta biyu ita ce mai nauyi. Hadisi ya inganta a Buhari da Muslim cewa wanda ya riƙi kare ba na farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kullum, haka ma hadisin cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare. Risala ma ta hana ajiye shi a gidajen birni. Sai dai masu sharhi sun kawo cewa shi kansa mai Risalar, Ibn Abi Zaid, da katangar gidansa ta faɗi ya ji tsoro, ya ajiye kare. Da aka tuna masa ra'ayin Malik sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Daga irin wannan ne malamai da dama suka yi ƙiyasin buƙata ta gaskiya a kan ukun da aka ambata. A Leicester ɗin da ke kusa da kai ma, a 2008 wani masallaci ya yarda wani saurayi makaho ya riƙa zuwa da karen da ke yi masa jagora, aka yi wa karen wurin jira daban da inda ake sallah. Ko lalurar ɗanka ta kai wannan matsayi, wannan kai da likitansa da malaminka ne za ku duba. Ni dai shawarar raba masa wurinsa daban ta kwanta mini.

In kuwa ka ɗauka, to amana ce. Wanda ya shayar da kare mai ƙishi da takalminsa an gafarta masa, wadda ta tsare kyanwa har ta mutu an san makomarta.

Baban Sadik

Jama'a ku gafarce ni, sati biyar ban leƙo ba. Ga yadda aka yi.

Wata dattijuwa ce ta zo, ta kai shekara saba'in, da 'yar tsohuwar motarta duk gashin kare a kujeru. Tun daga ƙofa ta ga takalma a jere ta cire nata ba wanda ya ce mata. Na bi shawarar Yaya, kafin ta zauna na ce mata mu Musulmi ne, kare ba zai shiga falo ba, ba zai hau sama ba. Ta ce to nuna mini inda zai shiga. Muka kai ta ɗan ɗakin da ke tsakanin kicin da ƙofar baya, inda injin wanki da keken ɗinkin Maman Sadik suke. Ta taɓa hita ta ji da ɗumi, ta tambayi awa nawa Maman Sadik ke yi a wurin. Da ta ji kusan wuni take tana ɗinki, sai ta ce ai wannan karen ya fi nata samun abokin hira. Katanga kuwa ba ta ɗaga mini ƙafa ba. Sai da na sayi raga ta katako na ƙara a sama, fam 140, na tura mata hoto da tef ɗin awo a jiki.

Inda raina ya ɓaci shi ne da suka hana mu karen da Sadik ya zaɓa. Wani baƙi ne mai farin ƙirji, yaron har ya manna hotonsa a bango. Mai riƙonsa ta ce yana firgita da ƙara ta ba-zata, Sadik kuwa in abu ya dame shi yakan yi ihu yana buga hannu. Na ce mata ai da an gwada. Ta ce ba za ta gwada da fuskar ɗana ba. Na kashe waya ina huci, na ce wa Maman Sadik mutanen nan sun ga baƙar fata ne kawai. Ita ce ta ce in ba sa son ba mu, me zai sa tsohuwa ta ƙona manta ta zo har nan? Kwana biyu Sadik bai ci abincin kirki ba, kuma har yau ina ganin da sun gaya mana tun farko kada a nuna wa yaro hotuna, da an huta.

Sai suka kira suka ce akwai wata karya 'yar shekara shida, irin karnukan tseren nan da ake yi wa ritaya. Muka tuƙa awa ɗaya da rabi zuwa gidan mai riƙonta. Da na gan ta sai da gabana ya faɗi, don sak karnukan Buzaye da nake gani ina yaro, dogayen ƙafafu, ciki a ɗame, haƙarƙari a waje. Na ce yunwa ake bar ta da ita? Matar ta yi dariya ta ce haka ƙirarsu take. A cikin kunnuwanta akwai lambobi da aka yi mata da shuni tun tana 'yar kwikwiya, na masu tsere. Ba ta yi haushi ba, ba ta yi tsalle ba. Ta zo ta jingina jikinta da ƙafar Sadik kamar wadda ta gaji, shi kuma ya tsaya cak. Sau uku muka je kafin a ba mu ita, na biyu ma da gangan matar ta bar mu har Sadik ya yi irin ihunsa. Karyar ta ɗaga kai ta dube shi ta koma barcinta.

Yau kwananta goma sha shida a gidan. Malam Almajiri, na je wurin wani malami ɗan Sudan da nake sallar Juma'a a bayansa, ya saurare ni sosai, abin da ya ce bai yi nisa da naka ba. Gadi kam babu, ɓarawo zai iya tsallake ta ya wuce, barci take kamar an biya ta. Fita sau biyu a rana da takunkumi a baki, don in ta hango kyanwa ko zomo hankalinta gushewa yake. Sadik ke riƙe igiya ɗaya ni ɗaya. Ni da kakana ya yi farauta da karnuka, ga ni yau ƙarfe shida na safe a bakin titi da leda a hannu ina kwashe kashin kare, don in ka bari tara ce. Rigar sanyi ma gare ta, Maman Sadik ta ɗinka mata da ragowar yadi, ita da ta rantse ba za ta ko kalle ta ba.

Ɓarna ɗaya ta yi. Kilishin da aka kawo mana tsaraba na ajiye a kan teburin kicin, ban san tsayinta ya kai ba. Ta cinye rabi har da takardar. Na kira matar ƙungiyar ƙarfe goma na dare, ta ɗauka, ta tambaye ni ko akwai albasa da tafarnuwa a ciki, ta sa na kira likitan dabbobi na dare. Ya ce a sa mata ido. Zawo ta kwana yi, ni kuma na kwana wanke ɗakin wanki. Washegari matar ta turo mini jerin abin da ke cutar da kare: cakulan, inabi da zabibi, albasa, dafaffen ƙashi. Na tambaye ta goro fa, ta ce ba ta taɓa jin sunansa ba.

Maman Biyu

Goro ka ɗauke shi sama can, sinadarin da ke sa cakulan ya zama guba ga kare akwai shi a ciki, ga na kofi kuma. Sannan ka shirya wa 5 ga Nuwamba tun yanzu, daren wasan wuta, ka rufe labule ka kunna rediyo, kada a fita da ita bayan magariba. Wane suna kuka sa mata?

Baban Sadik

Da sunanta na tsere ta zo, wani dogon abu mai kalma uku. Sadik ya ji ina ba uwarsa labarin karnukan kakana, shi ke nan ya ce Ƙyale-su. Turawan unguwa sun kasa faɗa, suna ce mata Kali. Hajiya kuma jiya muna waya ta bidiyo ta ji ƙarar farata a kan tayil, ta ce mene ne wannan, na ce injin wanki ne.